Tsohuwar kyamara ta daina saita hoto: a kwance ta, ko a auna nisa da ido?

Masu ɗaukar hoto a ƙauyukan Ringim da Gumel da suka gaji kyamarar fim irin Zorki 4 ko FED sun san matsalar: hotuna biyun da ke cikin tagar leƙe sun hau kan juna daidai, alamar an saita nisa ke nan, amma da an wanke fim sai fuska ta fito dishi-dishi. Girgizar babur a hanyar burji kan karkatar da na'urar auna nisan.

Hanya ta farko ita ce gyara. A murɗa gilashin gaban kyamara zuwa alamar ∞, wato nisa mara iyaka, a saita farin wata ko ƙarfen sabis mai nisa. In hotunan ba su haɗu ba, akwai ƙaramin sukuru a gefen tagar, ƙarƙashin murfi, da ake juyawa kaɗan-kaɗan. Amma in nesa ta daidaita, mita 1 kuma ta ƙi, laifin na ɗan hannun ƙarfen da ke bayan gilashi ne, mai kai motsin gilashin ga na'urar auna nisa, ko man ciki ya daskare da ƙurar hunturu. Wannan sai gwani a cikin Kano, kuma masu wannan aikin sun yi ƙaranci.

Ta biyu ba ta cin ko sisi: a manta da tagar, a bi lambobin jikin gilashi. Gilashi mai milimita 50 a f/11, wato an tsuke ƙofar shigar haske, in aka tsayar a mita 8, komai daga kusan mita 4 zuwa can nesa zai fito tas. Hawan sallah da cin kasuwa da rana, wannan ta wadatar, ta ma fi sauri. Hoton amarya a cikin ɗaki a f/2 kuwa, wato ƙofar hasken a buɗe sosai, kuskuren taƙi ɗaya ya ɓata fuska; nan dole a gyara.