Wata biyar da hoton haikalin Zojoji a bangon ɗakina

Abin da na fara yi da saƙon hoton da na saya ya iso, wani bugun hannu na Japan da ake yi da allunan katako, shi ne juya takardar ta baya. Haka masu harkar suka ce a yi, kuma gaskiyarsu. Idan inji ne ya buga, bayan takardar fari fat zai fito. Nawa kuwa jan launi ya ratso har baya, ga kuma sawun murza, zagaye-zagaye kamar inda aka goge ƙwarya da tsumma. Sai a lokacin hankalina ya kwanta, domin kuɗin da na zuba sun isa sayen waya mai ɗan kyau.

Hoton na Kawase Hasui ne, mai zanen Japan da ya rayu daga 1883 zuwa 1957. Ya fito a 1925 cikin jerin wurare 20 na birnin Tokyo. Wata mace ce sanye da kimono take kutsawa cikin iska da dusar ƙanƙara, ta rage buɗin lemarta ta kare fuska, a bayanta ga jar ƙofar haikalin Zojoji ta cika takardar, reshen bishiya ya leƙo ƙanƙara ta danne shi. Iyakar abin da ke ciki ke nan. Girmansa bai wuce santimita 39 a tsaye da 26 a kwance ba, don haka wanda ke neman abin da zai cika bangon falo ya nemi wani.

Nawa ba bugun 1925 ba ne, kuma nan ne na so in yi rigima da dillalin da na saya a wurinsa ta intanet. Shekarar 1925 ya rubuta da manyan baƙaƙe a tallarsa, sai can ƙasa, cikin ƙananan rubutu, ya ce bugun baya ne. Da na tambaye shi kai tsaye bai ɓoye ba: bayan rasuwar mai zanen aka buga shi, kuma hatimin da ke gefen takardar ya nuna haka. Na san bugun farko ya fi ƙarfin aljihuna nesa ba kusa ba, amma da ya faɗa tun a layin farko da ya fi. Ga mai niyyar saye, ya nemi hoton hatimin da na bayan takardar kafin ya tura ko sisi.

Me ya sa bugun baya bai zama jabu ba? Saboda tun asali aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Hasui zane kawai yake yi. Wani ne ke sassaƙa zanen a kan allunan itacen ceri, kowane launi da allonsa, wani kuma ya shafa launin da aka dama da ruwa da ɗan kunun shinkafa, ya ɗora takarda mai danshi, ya murza bayanta da wani ɗan faifai da aka naɗe da ɓawon gora, wanda suke kira baren. A ɗaga, a koma allo na gaba, a sake. 'Yan tsaga biyu a gefen kowane allo su ke sa takardar ta zauna wuri ɗaya kowane karo. Mai haɗa waɗannan mutane shi ne maɗaba'i, Watanabe Shozaburo, wanda ya farfaɗo da sana'ar a farkon ƙarni na 20 da sunan shin-hanga, wato sabon bugu. Girgizar ƙasar da ta auka wa Tokyo a 1923 ta haddasa gobarar da ta cinye shagonsa da allunan da ke ciki, saboda haka wannan hoton yana cikin abin da suka yi bayan sun tashi daga toka.

Ƙanƙarar ce ta fi ɗaure mini kai. Na sa gilashin ƙara girma ina neman farin fenti, ban samu ba. Farin takardar ne aka bari. Ma'ana, duk ɗigon da ke gilmawa ta gaban jar ƙofar nan sai da wani ya zauna da wuƙa ya ƙwaƙule gurbinsa a katako. Ni da ban taɓa ganin dusar ƙanƙara da idona ba, abin da ya fi kusa da ita a wurina shi ne hazon Janairu, lokacin da ake tafiya kai a sunkuye, mayafi a hanci. Tafiyar matar nan na gane ta sarai.

Ita ƙofar tana nan har yau a unguwar Shiba. A 1622 aka gina ta, kuma ta tsira daga ruwan bama-baman 1945 da ya ƙone mafi yawan haikalin. Sunanta Sangedatsumon, ƙofar kuɓuta daga abu uku: kwaɗayi, fushi da jahilci. Haikalin na ɗariƙar Jodo ce ta mabiya Buddha, kuma shida daga cikin sarakunan yaƙi na gidan Tokugawa a nan aka binne su. Wanda ya duba hotunan wurin na yanzu zai ga hasumiyar Tokyo ta 1958 tsaye a bayansa, abin da Hasui bai rayu ya gani ba.

Gwaggona ce ta fara yi mini tambayar da na san za a yi. Ta tsaya ta ƙura masa ido, ta ce, "Kai ɗan nan, wannan ba ɗakin tsafinsu ba ne?" Na ce, "Ƙofar wurin ibadarsu ce, Gwaggo, amma babu gunki a ciki, ko fuskar matar ma ba a gani." Ta ce to, in dai kawar da shi daga inda ake salla. Dama ɗakin karatu na nufa da shi, sai muka rabu lafiya.

Wahalarsa a wurin adanawa take. Mai firam ɗin da na fara kai wa har ya ɗauko gam zai manne shi a kwali, na ce, "Malam, tsaya!" Da ya shafa, shi ke nan, an kashe takardar. Sai da na tsaya a kansa ya yanko kwali mai taga ya raba takardar da gilashi, ya kuma toshe bayan firam ɗin saboda ƙura. Launin ruwa ne, rana na cin sa, jan nan kuwa shi ne ran hoton, don haka bangon da ba ya kallon taga na ba shi. Gefe ɗaya ya ɗan lanƙwashe a hanya, amma kwalin ya rufe wurin. Da damina ta kankama takardar ta ɗan yi tudu a tsakiya, na tsorata, sai ga shi ta koma daidai da iska ta bushe. Yanzu hunturu nake jira in ga ko toshiyar mai firam za ta hana ƙura shiga.