Irin waken suya "mai jure ƙwari": tsutsa ta ragu, masu tsotsa suna nan

A jikin buhun an rubuta cewa irin yana jure ƙwari. Waɗanne ƙwari? Ba a faɗa ba, kuma babban ƙorafina da kamfanin ke nan.

Tsiro dai ya yi kyau, kusan kowane rami ya fito. Na bar 'yan kunyoyi na tsohon irina a gefe don in kwatanta. Da tsutsar ganye ta sauka sai bambanci ya fito fili: ganyen tsohon ya koma kamar rariya, na sabon kuwa 'yan huji ne nan da can. Gashin ganyensa ya fi yawa, in ka shafa za ka ji kaushi, tsutsar da ta hau shi ma ba ta yin ƙiba. Feshin da na saba yi kafin fure ban yi shi ba. Dama waken suya yakan iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na ganyensa kafin fure, amfanin bai ragu sosai ba, sai dai manomi ba ya iya ganin huji ya yi haƙuri.

Da kwanso ya fara cika, ƙwarin nan masu wari da ke soka baki su tsotse ƙwaya suka iso. Ba su bambanta sabo da tsoho ba. Dole na goya famfo, duk da haka na tsinci ƙwaya motsattsa a sussuka. Ban yi mamaki ba, don ko irin Bt (wanda aka sarrafa ya riƙa samar da gubar ƙwari a jikinsa) da aka fara shukawa a Brazil a 2013 tsutsa yake kashewa, masu tsotsa ba ruwansu da shi.

Na tambayi dillalin ko ƙwayar gado (abin da ke ɗauke da halin da tsiro ke gada) nawa ce ke ba irin wannan kariya, ya ce bai sani ba. Tambayar tana da dalili: in kariyar ta dogara da ƙwayar gado ɗaya, ƙwari na iya shawo kanta. Darɓar waken suya ta ɓulla a Amurka a 2000, masu inganta iri suka samo ƙwayar gadon Rag1 da ke hana ta yaɗuwa, ba a jima ba aka ga wata darɓar da ke rayuwa a kan irin mai Rag1 lafiya lau. Shi ya sa suka koma haɗa Rag1 da Rag2 a iri ɗaya.

Zan sake sayensa baɗi, saboda feshin farko da ya rage mini. Wanda matsalarsa masu tsotsar kwanso ce, kada ya sa rai da shi.