Ciyawa ko tsakuwa da bishiya a gidan Arewa?

Mazaunin Agege da ya gina gida a Sakkwato ko Agadas yakan so koriyar ciyawa irin ta Legas. Amma a Legas sama ke yin ban-ruwa. A Arewa kuwa, daga Maris zuwa Mayu, aljihunka ne.

Ciyawar ƙiri-ƙiri ta fi jure rana, duk da haka da bazara tana shan wajen lita 5 zuwa 6 kullum a kowace murabba'in mita. Fili mai murabba'in mita 50 ya fi ƙarfin duro guda ke nan. A ba ta ruwa da asuba ya ratsa ƙasa sosai; yayyafin rana tsaka tururi yake zama, saiwa ta tsaya a sama ta ƙone. Da hunturu takan yi ja, ba mutuwa ta yi ba, a rage ruwa kawai.

Tsakuwa ba ta shan komai, sai dai tana riƙe zafi har bayan isha'i, shi ya sa sai da inuwa. A dasa darbejiya a Yuli, rami rabin mita, da ruɓaɓɓen taki, don ɗanye yana ƙona saiwa. A nisanta ta da katanga kamar mita 5. Jarka ɗaya sau biyu a mako ta ishe ta ranin farko.

In ba ka da amintaccen mai ban-ruwa a gida, tsakuwar ta fi.