Sharhi kan shagon gyaran da na kai wa matsalar koren bidiyo

Kwamfutar da na saya ta hannu tana aiki lafiya, sai dai duk lokacin da na buɗe bidiyo a YouTube ko Facebook, murya tana fita tangaram amma hoton ya rikiɗe ya koma kore, wani lokacin kuma baƙi ƙirin. Mai shagon da na kai wa bai ko kunna bidiyon ya gani ba, ya yanke hukuncin cewa ƙwayar cuta ce, ya goge komai ya sake ɗora Windows, ya karɓi kuɗinsa cif. Da na koma gida, koren yana nan daram.

Yaron shagon ne ya fitar da su kunya ranar da na koma da ƙorafi. Ya buɗe saitin Chrome, manhajar da nake shiga intanet da ita, ya shiga sashen System, ya kashe maɓallin da aka rubuta "Use graphics acceleration when available", ya danna Relaunch, nan take hoto ya fito tas. Ya bayyana mini cewa wannan saitin ne yake miƙa aikin sarrafa bidiyo ga katin hoto, wato sashen kwamfutar da ke kula da fitar da hoto, kuma idan manhajar da ke tafiyar da katin ta tsufa, sai hoton ya lalace alhali sautin yana tafiya daidai. Har shafin chrome://gpu ya nuna mini, inda ake ganin ayyukan da katin yake ɗauka. Saboda ladabinsa da iliminsa na so in yafe wa shagon baki ɗaya.

Amma murnar ba ta daɗe ba, domin kashe saitin ya mayar da nauyin duka kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar: fanka tana ihu, kwamfutar tana zafi, batiri yana ƙarewa da wuri, kuma bidiyo mai ingancin hoto na 1080p yana tsinkewa sai na sauko zuwa 720p. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ba ya samun wutar lantarki kullum. Ainihin maganin shi ne a sabunta manhajar katin sannan a sake kunna saitin, aikin da ya kamata a ce mai shagon ya yi tun lokacin da ya ɗora Windows, tunda na biya shi. Hotunan bikin ƙanwata kuwa, waɗanda ya goge ba tare da ya tambaye ni ko ina da kwafi ba, har yau bai ce mini ko "yi haƙuri" a kansu ba. Idan za ku je, ku nemi yaron, kada ku bar kwamfutarku a hannun ubangidansa.