Kwas ɗin kaizen na injiniyoyin da suka zama manajoji a Zariya

Wannan kwas na kwana uku da ake yi a Samaru an gina shi ne kan kaizen, wato inganta aiki kaɗan-kaɗan a kullum, da yadda kamfanonin Japan, musamman Toyota, ke horar da injiniyan da aka ba shugabancin ma'aikata. Matsalar sananniya ce: injiniya ya zama manaja, amma inji na tsayawa sai ya cire riga ya ɗauki sifana, yaransa suna tsaye suna kallo. Gobe ma haka.

Rana ta biyu ce ta biya kuɗin. Ana koyar da tambayar "me ya sa?" sau biyar, wadda Taiichi Ohno, injiniyan Toyota, ya yi fice da ita, kuma a gaban injin casar shinkafa ake yi. Boris ya ƙone. Me ya sa? Ya bushe. Me ya sa? Giris ba ya shiga. Me ya sa? Ƙurar ɓuntu ta toshe bakin da ake ɗura shi. Me ya sa? Murfinsa ya faɗi tuntuni. Me ya sa? Ba a ɗora wa kowa duba shi ba. Wanda ya tsaya a tambaya ta farko sabon boris zai saya a Sabon Gari, ya sake ƙonewa. Malamin kan hana manaja amsawa, sai dai mai tuƙa injin ya amsa, kuma wannan horon ya fi komai wuya ga wanda ya saba a ce masa "yallaɓai, kai ka sani".

An kuma bi tsarin ƙananan ƙungiyoyin inganta aiki da Kaoru Ishikawa, masanin ingancin kaya, ya yaɗa a Japan daga 1962: mutane kaɗan daga sashe ɗaya, matsala ɗaya, a gwada gyara, a auna, sannan a mayar da shi ƙa'ida.

Rana ta uku kam an yi gaggawa. An tattaro ƙa'idoji 40 na TRIZ, dabarar ƙirƙira da Genrich Altshuller ya faro a Tarayyar Sobiyet a 1946, aka zube su cikin yini ɗaya ba tare da aikin hannu ba. Darasin rage ajiyar kaya ma bai yi la'akari da cewa a nan wuta na ɗaukewa, kayan gyara kuma sai an jira su daga Kano ko Legas ba. Gara mai masana'anta ya tura manaja tare da babban makanikinsa, domin idan mutum ɗaya ya je, ba wanda zai kama masa in ya dawo.