EVE Online daga Maradi: faɗan jirage da mutane, ga yadda na ganshi

Jama'a barkanmu da war haka. Abokai sun ishe ni da tambaya kan wasan jiragen sararin samaniya da nike yi a ordinater, wato EVE Online, musamman ɓangaren da kake gwabzawa da mutum ɗan uwanka ba da injin wasan ba, to yau bari in zube maku abin da na gani a ciki, mai so ya gwada, wanda ya ga ba zai iya ba ya koma PUBG ɗinshi babu gaba. Ra'ayina shi ne ɗan Maradi da wannan rezon namu da kowa ya sani zai iya shiga faɗan nan ya yi abin kirki har ya fasa jirgin Bature, sharaɗin kawai ya yarda cewa jiragenshi na farko duk na asara ne, don haka ya saye su da arha kuma ya saye su da yawa.

Wasan tsoho ne, tun 2003 kamfanin CCP Games na birnin Reykjavik a ƙasar Aislan ya fito da shi, kuma har yau kusan duk duniya a kan saba guda ake, wato babbar na'urar da ke riƙe da wasan, sunanta Tranquility, Barasha da Bajamushe da ɗan Amurka da kai da ke zaune a Ali Dan Sofo duk wuri guda. Duniyar ana ce mata New Eden, taurari sama da 7,000, kana tsallakawa daga wannan zuwa wancan ta ƙofofi. Abin da ya raba shi da sauran wasanni shi ne in jirginka ya fashe to ya fashe kenan, babu wani tashi ka ci gaba da kayanka, kuɗin wasan da ake ce ma ISK da ka sha wahala ka tara sun tafi, kayan da ka ɗora ma jirgin kuma kowanne rabi da rabi ne, ko ya ƙone ko ya faɗi wanda ya kashe ka ya kwashe a gaban idonka. Wannan ne ke sa hannu rawa, wallahi ba wasa nike ba, babban mutum da gemunshi sai ka ga ya kasa riƙe suri.

Maganar rezo ita ce kowa ke fara tambaya. A wasannin harbi in rezonka ya yi jinkirin ƙiftawar ido an gama da kai, amma a EVE sabar sau ɗaya take lissafi a kowane sakan, kai ba saiti kake da hannu ba, umarni kake ba jirgi: kama wancan, zagaya shi a nisa kaza, kunna bindigogi. To bambancin da ke tsakaninka da wanda ke zaune a Faransa da fibar ɗinshi bai taka kara ya karya ba, kuma lokacin wasa ba ya cin forfe sosai, sauke shi ne na farko ke da nauyi, shi ma akwai zaɓin ya riƙa sauko da kaya kaɗan kaɗan gwargwadon inda ka shiga. Matsalar ita ce yankewa gaba ɗaya. In rezo ya ɗauke kana sarari jirgin zai yi ƙoƙarin gudu da kanshi, amma in an riga an riƙe ka ba inda za shi, kuma in ka taɓa faɗa da mutum jirginka na zama a sarari minti 15 bayan ka fita, mai neman ka zai iya gano shi ya yi mashi yankan rago. Shi ya sa ni da ordinater mai batir nike yi, rezo kuma daga waya nike jawowa, ko an ɗauke kuran ana tsakiyar faɗa ba abin da ya dame ni sai zafi. Zafin watan Afrilu da Mayu kam sai ka ɗaga ordinater ɗin bisa wani abu iska na shiga ta ƙasa kuma ka rage kyan hoto zuwa ƙarshe, ba kallon taurari ya kawo mu ba.

Wani abu da ya yi mana daidai, lokacinmu kusan ɗaya da na Turai, bayan isha'i zuwa sha ɗaya na dare nan ne wuri ke cika da mutane. Kullum ƙarfe 12 na rana agogonmu ana kashe sabar na ƴan mintoci, kada ka zaci naka ne ya lalace. Kuma ilimin matuƙinka yana ƙaruwa da agogo na gaskiya ne, ko kana barci ko kana babbar kasuwa ko an kwana ba wuta, in dai ka jera abin da zai koya yana nan yana koyo.

Kuɗi fa? Tun 2016 akwai Alpha, wato shiga wasan kyauta, ilimin da za ka koya da agogo yana tsayawa a maki miliyan 5 kuma wasu jirage an hana ka. Omega shi ne na biya, kusan dalar Amurka 20 a wata, ya haura jika goma na sefa, ga neman katin banki da zai yi aiki a waje. Ana iya biya da PLEX 500, wasu tikiti ne da kake saye da ISK cikin wasan, amma ga sabon shiga wannan bauta ce, za ka wuni kana haƙar dutse maimakon faɗa. Ni dai ban ga dalilin da mai koyon faɗa zai biya ko dala ba a watannin farko, ƙananan jiragen da ake ce ma firiget, masu arhar cikinsu duk Alpha na tuƙa su, kuma su ne makarantar.

Wuri kashi uku ne a sauƙaƙe, gwargwadon lambar tsaron da kowane tauraro ke da ita. Haisek daga 0.5 zuwa 1.0, can akwai ƴan sandan wasan CONCORD, ba su hana a kashe ka amma suna fasa wanda ya fara. Losek 0.1 zuwa 0.4 babu su. Nulsek kuma dajin Allah ne, manyan ƙawance ke mulki. Shawarata ga sabo ita ce yaƙin dauloli a losek, Minmatar na yaƙar Amarr a fage guda, Caldari na yaƙar Gallente a ɗaya fagen, wanda anka yi ma gyara babba a Nuwamban 2022. Dalili shi ne akwai filaye masu ƙofa da ke tace girman jirgi, mafi ƙanƙanta firiget kaɗai ke shiga, to ba wani mai ƙaton jirgi da zai zo ya take ka, kuma in ka tsare filin har agogonshi ya cika ana ba ka maki da kake juyawa su zama kuɗin sayen wasu jiragen.

Ni Minmatar na bi, firiget ɗinsu Rifter nike tuƙawa, bindigoginshi ba su shan batirin jirgi. Amarr leza gare su mai shan batir da sulke mai kauri, Caldari makamai masu linzami da garkuwa, Gallente kuma ƴan ƙananan jirage marasa matuƙi da bindigar kusa mai zafi, firiget ɗinsu irin Merlin, Tristan, Punisher, Incursus duk suna da kyau kada wani ya ruɗe ka da cewa dole sai kaza. Abin da ba a bari a gida shi ne sikiram, na'urar da ke hana mutum gudu, tana kamu daga kamar kilomita 8 zuwa 9, sai web mai rage mashi sauri, sai abin ƙara gudu, sai abin gyaran sulke ko garkuwa amma ɗaya daga ciki ba duka biyu ba. Ka haɗa irin wannan jirgin guda goma iri ɗaya, ka kai su tashar da ke kusa da fagen, ka yi ma kowanne inshora, kada ka sa ma matuƙinka dashen kai masu tsada, wato na'urorin da ake dasa mashi don ƙara ƙwarewa. In an fasa ɗaya ka hau na gaba tun jikinka bai yi sanyi ba.

Bari in ba ku faɗa guda yadda ya gudana don ku ji ɗanɗanon. Ina cikin ƙaramin fili kusa da tauraron Amamake, ƙanena na zaune gefena yana shan shayi. Jerin sunayen mutanen da ke tauraron, lokal, ya ƙaru da mutum ɗaya, ɗan Amarr. Na shiga danna diskan, na'urar hangen da ke kai nisan AU 14.3 (AU ma'aunin nisa ne a sararin samaniya), sai ga Punisher, na rage nisan zuwa AU 1 yana nan, to ya iso bakin ƙofa. Ƙanena ya ce "Yaya ka gudu mana, wancan da gani ya fi ka ƙiba." Na ce mashi tsaya ka gani, Punisher gurbin sa na'ura biyu gare shi a tsakiya, in ya sa abin gudu da sikiram to ba ya da web, ni kuwa uku gare ni. Na canza harsashi zuwa Fusion tunda sulke ya fi jin fashewa, na matso daidai inda zai sauka. Yana dirowa na kama shi, sikiram, web, na zagaya shi a mita 500 don lezarshi ta riƙa kuskure, na ƙure zafin bindigogi. Garkuwata ta tafi kamar ba a yi ta ba, sulke ya fara jan layi, ina danna gyara ina kallon nashi yana sauka a hankali kamar ba ya so, ga ƙararrawar jirgi na ihu a kunne, ƙanena ya aje kofi yana "Yaya ja ya cika, ja ya cika!" Sulkena ya ƙare na shiga gangar jiki, saura ƙiris, sai kawai haske, nashi ya tarwatse. Duka abin bai fi minti ɗaya ba amma riga ta jiƙe. Mutumin ya rubuta gf a lokal, wato faɗa ya yi kyau, na mayar mashi, haka al'adar take ko kai anka kashe. Shi dai faɗan firiget kamar kokowa yake a fagen gargajiya, tun wajen kamun farko masu ido sun san wanda zai sha ƙasa, nisan da kunka fara da wanda ya riƙe wani su ne kusan komai.

Kada wannan ya sa ku ɗauka kullum haka ne, an fi kashe ni nesa ba kusa ba, kowa ma haka ya fara. Abin da ke da amfani shi ne bayan an fasa ka, ka fara fitar da ɗan kwanson da matuƙinka ke ciki, ka danna tafiya zuwa ɗaya daga duniyoyin da ke zagaya tauraron tun jirgin bai gama mutuwa ba, sannan ka duba takardar mutuwar, ka shiga shafin intanet na zKillboard da ke tara takardun mutuwa ka ga irin haɗin da mutumin ya saba yi, ka ma yi mashi magana ka ce mi na yi ba daidai ba. Abin mamaki yawancinsu suna amsawa, wani har ISK zai turo maka ya ce je ka sayi wani ka dawo.

Sai maganar ayari. Sabo na da aiki tun ranar farko, shi ne mai kamu, ka ruga da ɗan firiget ɗinka ka riƙe babban jirgi har manya su iso, sau da yawa kai za ka fara mutuwa amma ƙungiyoyi da dama su ke ba da jirgin kyauta. EVE University tun 2004 suke koyar da sababbi, akwai Brave, akwai ayarin Spectre Fleet da kowa ke iya shiga ba sai ya bar ƙungiyarshi ba. Dole ka sa ekuter ka ji jagora, kuma yawanci da Turanci ne, da sauri, wani da harshen da sai ka kasa kunne da kyau. Mu da munka yi lakkol da Faransanci muna da sauƙi guda, wasan na da Faransanci kuma akwai ƙungiyoyin masu jin shi, sai dai ina ba da shawara ka bar sunayen kaya da Turanci don kada jagora ya kira abu kai kana neman shi da wani suna. Manyan yaƙe-yaƙen da ake labari, irin B-R5RB na 2014 da anka fasa titan 75, wato jirage mafi girma a wasan, ko M2-XFE na ƙarshen 2020 da sama da 250 sunka tafi har ya shiga kundin Guinness, daɗin ji gare su kawai. In mutane sunka yi yawa sabar na rage gudun lokaci har zuwa kashi 10 cikin 100, ka danna abu ka je ka yi alwala ka dawo bai kunnu ba, a kwana ana abu guda, mai jiran a ɗauke wuta kowane lokaci ba nashi ba ne wannan.

Abin da ban so ba kuwa akwai. Ekaran ɗin cike yake da ƙananan rubutu da teburori, sai ka zauna ka gyara jerin abubuwan da kake gani kafin ka gane abokin gaba daga dutse, kuma koyarwar farko ta wasan ba ta kai ka ko bakin ƙofar faɗa da mutane ba. Akwai daren da za ka yi awa kana yawo ba ka samu kowa ba, ko ka samu ɗaya ashe tarko ne abokanshi biyar na bayan ƙofa. Tauraron Tama, kusa da Jita, ta yi suna wajen masu tsare ƙofa, kada ka bi ta nan da kaya. Jita kanta babbar kasuwar wasan ce kuma duk wanda ya ce a lokal zai ninka maka kuɗi ɓarawo ne, dokar wasan ma ta yarda da damfara irin wannan. Sannan ba a dakatar da shi, in ka harbi mutum sai ka jira sakan 60 kafin tasha ta karɓe ka ko ƙofa ta bar ka ka wuce, to in lokacin salla ya matso ko Hajiya ta aike ka kada ka fara abin da ba ka iya gamawa. Masu tambayar na waya, EVE Echoes da NetEase ta fitar a 2020 daban yake, sabarshi daban, ba za mu haɗu ba.

In maki ne zan ba shi 8 bisa 10 ga mai haƙuri da son lissafi, mai son ya kunna ya fara harbi nan take kuma ko 4 ba zan ce ba. Kuma kafin ka sa hannu a yaƙin dauloli ka duba inda za ka riƙa sayayya, don sojan daular da kake yaƙa suna harbinka a haisek ɗinsu: in ka bi Gallente to Jita ta zama ƙasar abokan gaba sai dai Dodixie, in ka bi Minmatar kasuwar Amarr ta haramta gare ka sai Rens ko Hek, kaya sun ɗan fi tsada can kuma wani lokaci sai ka zagaya tasha biyu kafin ka haɗa jirgi guda.