Aikin da aka min na kumburin ƙasan ido, ga yadda ta kaya

'Yan uwa mata masu ta tambayata me na yi wa idona, ga amsa. Shekarata 54, kusan shekara shida kenan ƙasan idona ya zama kamar an cusa auduga, duk bikin da na je sai an ce Hajiya ba ki da lafiya ne ko kuka kika yi, abin yana cin raina wallahi. Ba abin da ban gwada ba, ƙanƙara, yankan kokwamba, kirim mai tsada, ya ɗan saɓe da safe zuwa azahar ya dawo.

Wani asibitin ido mai zaman kansa na je a Abuja, kuma abin da ya fara burge ni likitan bai yi gaggawar yanka ni ba, sai da ya sa aka duba min ƙoda da maƙoƙo (thyroid) da hawan jini, don ciwon ƙoda da na maƙoƙo ma suna kumbura ido. Ya ce nawa ba ruwa ba ne, kitsen da ke tare ƙwayar ido ne ya turo gaba saboda tantanin da ke riƙe shi ya saki da shekaru, kirim ba ya kaiwa can. Na tambayi allurar fila, wadda ake yi don ciko fata, ya ce ramin da ke ƙarƙashi kawai take cikewa kuma tana narkewa sai an sake, ga mai kumburi irin nawa ma tana iya ƙara shi.

Ta cikin fatar idon ya yi aikin, babu tabo a waje, ni da jikina ke yin tsiron tabo wannan ne ya kwantar min da hankali. Allurar kashe zafi aka min, ina farke, wajen awa ɗaya an gama. Sai dai kwana goman farko kam na ji jiki, fuska ta haye, jini ya kwanta, ido kamar an zuba yashi, a zaune nake sallah da ishara don an hana ni sunkuyawa, kwalli ma sai bayan sati biyu.

Inda suka gaza, nas ɗin ba ta min bayanin maganin ɗigawa da kyau ba sai da na koma, ga kuɗi ba na wasa ba. Baƙin ƙasan idon kuma yana nan, dama ya faɗa min aikin ba ya cire shi. Wata huɗu yanzu, kumburin ya tafi alhamdulillah, kuma zan iya tura yayata wurinsa.